Gwiwoyin Senga Nankya

Shekara da shekaru Nankya ba ta durƙusa wa kowa ba, kuma a wurinmu, mu ƙabilar Baganda, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mace da gwiwa biyu a ƙasa take gaida na gaba da ita, ko a tsakar gida ne, ko a bakin hanya, ko an yi ruwa ƙasa ta jiƙe. Ita kuwa sai ta tsaya ƙiƙam a gaban dattijo ta ce ina kwana, idonta a ƙasa, kunya kamar ta nutse. Waɗanda suka san halin da take ciki su ce Allah ya sawwaƙe. Waɗanda ba su sani ba, kuma su suka fi yawa, su ce Kampala ta lalata ta.

Ba ruwan Kampala, gaɓɓanta ne. Abin ya fara daga yatsu ya gangaro gwiwoyi. Da safe sai ta tashi jiki a sandare, ta daɗe zaune a bakin gado tana lallashin hannuwanta kafin su yarda su riƙe buta. Matar da ke feraye tulin matoke, ɗanyar ayabar da muke dafawa, kafin rana ta ɗaga, a rumfar abincinta da ke unguwar Nateete a Kampala, ta koma sai dai ta zauna tana nuni da baki. Salla a kan kujera. An yi na ganye, an yi na turare, an je wurin wani mai tsaga a garin Masaka ya bar mata tabo a gwiwa ba sauƙi. Ƙanwarta Nansubuga ta rantse jifa ne, har sunan mai jifan ta kama.

Sai da aka kai ta babban asibiti ta faɗa hannun Dokta Atim, wata doguwar mace mai magana a hankali, sannan aka gaya mata abin da ke cin ta.

"Mama, ba wanda ya jefe ki," in ji likitar. "Jikinki ne ke faɗa da kansa. A jinin kowa akwai masu gadi, akwai kuma 'yan aike da ke kai musu saƙo. Mu saitokain muke ce musu, ke ba sai kin riƙe sunan ba. Idan cuta ta shigo, ɗan aike ya ruga ya ce ga ɓarawo a wuri kaza, masu gadi su taru su far masa. To ke wani daga cikin naki 'yan aiken ne ya rikice. Kullum yana tsaye a gwiwarki yana ihun ɓarawo. Su zo da kulake, ba su tarar da kowa ba sai gwiwar, sai su hau ta da duka."

"To ku kama shi mana, ɗan banza," in ji Nankya.

Dokta Atim ta yi dariya ta ce abin da za su yi ke nan. Akwai wata allura da ke cafke wannan ɗan aiken shi kaɗai ta toshe masa baki, asibitin yana gwada ta a kan masu irin ciwonta, kuma za a iya saka ta a ciki. Aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ɗibi jini, aka ce ba komai. Amma kafin allurar farko likitar ta jawo kujera kusa da ita.

"Ki saurare ni da kyau, Mama. Ɗan aiken nan ba ƙarya kaɗai yake yi ba. Shi ne kuma ke hana masu gadi gyangyaɗi a kan tarin fuka. A ƙasar nan da yawanmu muna yawo da ƙwayarsa a kulle cikin huhu ba mu sani ba, wani kuma a motar haya zai shaƙa. Muddin kina kan allurar nan, ƙofar a sake take. Ranar da kika ji tari, ko zazzaɓi, ko gumi cikin barci, ko kika ga kina ramewa, ki faɗa mini kafin a yi miki allura. Mu dakata mu duba. Kin ji?"

"Na ji, 'yata."

Ta kuwa ji, kuma allurar ta yi aiki. Sau biyu a wata take hawa boda-boda, wato acaɓa, ta je a yi mata. Kumburin ya saɓe, yatsu suka saki, ta koma riƙe wuƙa. Ranar da ta fara kai goshinta ƙasa a salla sai da ta jiƙa darduma da hawaye. Ta tafi garinsu Kabasanda takanas don ta gaida wanta Mubiru, ta zube a gabansa da gwiwa biyu, dattijon sai waige-waige yake kamar yana neman shaida.

Sau ɗaya zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, ta faɗa kamar yadda aka umarce ta. Aka dakatar da allurar sai ta warke an sake bincike. Kafin a dawo da ita gwiwoyin sun sake cika, ta koma kujerar salla. Daga nan ta san abin da faɗin gaskiya ke jawowa, ta kuma riƙe abin a ranta.

A cikin wannan shekarar ce Namiiro, 'yar Mubiru, ta zo mata da magana. A al'adarmu yarinya ba ta tunkarar ubanta da zancen miji. Gwaggonta take gaya wa, ƙanwar uba ko yayarsa, wadda muke kira senga. Senga ce ke kai maganar gida, ita ke koya wa yarinya zaman aure, ita ce kuma ranar kwanjula, ranar da ake gabatar da ango ga dangi, take fitowa gaban jama'a ta durƙusa ta ce waɗannan baƙin nawa ne. Nankya ba ta taɓa haihuwa ba. Namiiro kuwa a hannunta ta yi karatu har ta zama malamar makaranta, kuma a shekarun ciwo ita ke taje mata kai, ita ke ɗaura mata ɗamarar riga. Duk duniya ba abin da Nankya ke so kamar ta fito da yarinyar nan da hannunta.

Nansubuga ma tana so. A zaman dangi a Kabasanda ta gyara murya ta ce, "Yaya, ni fa tausayinki nake ji. Ranar nan durƙuso ne tun hantsi har la'asar. In gwiwar ta ƙi fa? Senga a tsaye, ai baƙi sai su ɗauka mai rabon lemo ce. Ki bar mini, ke ki zauna a inuwa a kawo miki cinyar kaza."

"Ke da kika fito daga gidan miji har sau uku, me za ki koya wa yarinya?" in ji Nankya. "Hanyar dawowa gida?"

Aka kwashe da dariya. Nankya ta miƙe, ta durƙusa a tsakiyar tabarma, ta sake miƙewa ba tare da ta dafa komai ba, ta kuma yi. Mubiru ya ce magana ta ƙare, yarinya ta riga ta zaɓa. Nansubuga ta taɓe baki ta ce Allah ya kai mu ranar.

Da damina ta kankama, saura 'yan makonni biki, tari ya zo. Da farko ɗan ƙaiƙayi ne a maƙogwaro, ta ce hayaƙin gawayi ne. Sai ya sauka ƙirji ya zauna. Ta riƙa tashi da asuba rigarta sharkaf. Abinci ya fita ranta, ita da ke dafa wa rabin Nateete. Ɗamarar da a da take zagaye ƙugunta da ƙyar ta koma tana rara.

Ba zan ce ba ta gane ba. Ta gane sarai. Abubuwan da likita ta lissafa mata suna nan a kanta kamar jiya aka faɗa. Amma ta san in ta buɗe baki za a ajiye allura a shiga bincike, ranar kwanjula kuma ta zo ta same ta da gwiwoyi kamar kabewa, Nansubuga na rawa a gaban baƙi. Sai ta ce wa kanta a bari biki ya wuce, washegari da kanta za ta je ta faɗi komai. Mutum in yana son abu, ba ya rasa hujja.

Ranar allura ta naɗa zani biyu a ƙarƙashin gomesi, doguwar rigar nan tamu mai tsinin kafaɗa, wadda dama ba ta nuna ramar mace. Ta tsaya bayan bishiyar mangwaro a harabar asibiti ta yi tarinta har ya ishe ta, ta tauna citta, ta jefa alewar tari a baki, sannan ta shiga.

"Maman amarya," in ji Dokta Atim, don ta san da zancen bikin. "Yaya gwiwoyin?"

"Ras suke, 'yata. Ko tsere kike so mu yi."

"Tari fa? Zazzaɓi? Gumi?"

"Babu ko ɗaya."

Likitar ta dubi ma'auni, ta dube ta. "Kin ɗan ragu."

"Ramuwar azumi nake yi. Ga zirga-zirgar biki, yau Kabasanda gobe kasuwa."

Dokta Atim ta sa abin sauraro a bayanta ta ce ta ja numfashi. Nankya ta ja kaɗan-kaɗan, tana roƙon Allah a zuci kada tarin ya tona ta, tana kuma jin kunyar irin roƙon da take yi. Tarin bai zo ba. Aka yi mata allura. Da ta fito ba ta iya waiwayen ginin ba, ta hau boda-boda fuskarta na zafi.

A wannan makon ne Namiiro ta tare a wurinta, kamar yadda kowace amarya ke tarewa wurin sengarta kafin biki. Ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya, ita ma a rufe, saboda ruwan sama da kuma kunnen maƙwabta, don maganar senga da 'yarta ba ta kowa ba ce. Gado ɗaya suke kwana. Nankya ta koya mata naɗe matoke a ganye yadda tururi ba zai tsere ba, da yadda ake durƙusa wa uwar miji baya a miƙe, hannu a kan cinya, ba a tashi sai gaisuwa ta ƙare. Ta koya mata sauran abubuwan da ba a faɗa a fili. Amma wanda ta fi nanatawa guda ne.

"Duk abin da kika ji ko kika gani a cikin ɗaki, ki bar shi a ɗakin. Ko uwarki ta tambaye ki, ki ce lafiya lau. Macen da ke fitar da maganar ɗaki ba ta da tarbiyya, kuma ni za a zaga, ba ke ba."

"To, Senga."

In tari ya taso mata suna kwance, sai ta juya wa yarinyar baya ta cusa fuska cikin filo. Da ranar allura ta sake zagayowa, ta sake zuwa, ta sake cewa babu ko ɗaya. Na biyun ya fi na farko sauƙin faɗa, wannan ma ya ba ta kunya.

Ranar kwanjula kuwa sai wanda ya gani. Rumfuna biyu suna fuskantar juna a ƙofar gidan Mubiru, masu magana da yawun ɓangarorin biyu suna ta zolayar juna a lasifika. Da aka kira senga, Nankya ta fito cikin gomesi ruwan zuma, tana taku ɗaiɗai da kiɗa, ta zube a tabarma kamar 'yar shekara ashirin ta gaida baƙi. Ta tashi ta ratsa cikinsu tana leƙa fuskoki, ta wuce ango Kayemba da gangan har sau biyu jama'a na dariya, sannan ta dawo ta maƙala masa fure a ƙirji. Ta koma ciki ta fito da Namiiro riƙe da hannunta, suka durƙusa tare. Ta durƙusa wa wanta, ta durƙusa wa surukai, ta durƙusa a kan kowane kwandon kaya da aka sauke. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce rabon da ta ga senga irin wannan tun tana budurwa. Nansubuga ma da bakinta ta ce, "Yaya, yau kam kin rufe mini baki."

Washegari ba ta je asibiti ba. Ga ɗaurin aure a gaba, ga kai amarya, ga gajiya. Da aka gama waɗannan kuma sai ta rasa da wace fuska za ta kalli Dokta Atim. Ta ƙi komawa gaba ɗaya, aka kira wayarta ta ƙi ɗauka. Tana nan tana jan jiki har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a rumfa, kusa da tukunya, da jini a gefen gyalenta.

Ta farfaɗo a ɗakin masu tarin fuka, tagogi a wangale, kowa da ƙyalle a hanci. Dokta Atim ta zo ta tsaya a gefen gadon. Da ma ta yi faɗa, da Nankya ta fi jin daɗi. Ba ta yi ba.

"Mama, yaushe tarin ya fara?"

"Kafin biki."

"Kafin allurar da kika ce mini ramuwar azumi?"

Nankya ta gyaɗa kai, idonta a kan bargo.

Likitar ta ce ita ma da laifinta, da ta ga ma'auni ya kamata ta tura ta hoto ko da ta musa. Ta ce za a warke in an sha magani yadda ya kamata, sai dai allura kam an ajiye ta sai abin da hali ya yi, gwiwoyin kuma za su dawo da halinsu. Duk wannan Nankya ta shirya jin sa. Sai likitar ta ƙara tambaya ɗaya.

"A lokacin, wa ke kwana ɗaki ɗaya da ke?"

Namiiro ce ta faɗo wa Nankya a rai. Wallahi har ga Allah, duk tsawon makonnin nan huhunta kawai take tunani, ta ɗauka da ranta kaɗai take caca. Sai yanzu ta ga tagar nan a rufe, da filon, da fuskar yarinyar a bayanta tana barci.

Sauran labarin Nansubuga ce ta kawo mata, kuma abin da ya fi ciwo, ba da gatse ta faɗa ba. Ma'aikatan lafiya sun je gidan su Kayemba a kan babura, unguwa na kallo. An gwada kowa. Amarya ce kaɗai aka samu, ƙwayar ta fara taɓa huhunta, za ta sha magani na wata da watanni. Makaranta ta ce ta zauna a gida tukuna. Uwar miji ta ware mata kofi da kwano, ta ɗaura wa kofin jan zare. Ka san bakin mutanenmu, in an ce tarin fuka sai su ƙara da wata cutar da ba a ambata ba, su fara tambayar inda yarinya ta yi yawo kafin aure.

"Ba ta ce daga wurinki ta ɗauka ba," in ji Nansubuga. "An tambaye ta, ta ce ba ta sani ba."

Bayan wasu makonni, da rana tsaka, Nankya na kwance gwiwoyi sun cika tam, ta hango Namiiro a bakin ƙofa. Ta rame. Ƙyalle a hanci, kwandon abinci a hannu. Nankya ta ja bargo kamar za ta rufe fuska, ta ga ba amfani.

Namiiro ta ajiye kwandon, ta tattara zaninta, ta durƙusa a kan simintin asibiti, baya a miƙe, hannu a kan cinya.

"Ina wuni, Senga."

"Tashi, 'yar nan. Ƙasan ba kyau."

"Ban gama gaisuwa ba. Yaya jiki? Yaya ƙirjin? An samu barci?"

"Na ce ki tashi. Ni ba wadda za ki durƙusa wa ba ce." Ta kau da fuska. "Namiiro, na sani. Tun kafin ki tare a ɗakina na san ina tari, na san abin da likita ta ce, na rufe taga na kwanta kusa da ke. Don kawai in durƙusa a gaban mutane."

Yarinyar ba ta ɗago ba. "Ai ina ji, Senga. Kullum ina jin ki kina yi a cikin filo. Ni nake wanke rigunan da kike jiƙawa. Ranar da Baba ya kira ya ce yaya Senga, sai da na kusa faɗa masa."

"Me ya hana ki?"

"Ke kika ce abin da na ji a ɗaki in bar shi a ɗaki."

Ba da zargi ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar ɗalibar da ke biya karatu, har tana ɗan jiran a ce ta yi daidai.

Nankya ta yaye bargon. A wurinmu babba ba ya durƙusa wa yaro, ba a taɓa yi ba, amma shi ta yi niyya, a gaban majinyata da masu jinya da kowa. Ta dafa ƙarfen gado ta zuro ƙafafunta ƙasa, ta saki nauyinta a kansu. Gwiwoyin suka ƙi. Ta cije leɓe ta sake gwadawa har gumi ya keto mata, ko kaɗan ba su lanƙwasu ba. Ta tsaya a nan, rabi a gado rabi a tsaye, tana haki.

Namiiro ta ɗauka banɗaki take son zuwa. Ta matso a kan gwiwoyinta, ta jawo silifas daga ƙarƙashin gado, ta kama ƙafar gwaggonta ta saka mata ɗaya, ta saka mata ɗayan.